Babi na Biyar: Da Me Za a Wasa Sarƙa?

Injin yankan itace, komai girmansa da tsadarsa, aikinsa ɗaya ne, wato ya juya sarƙa. Yankan kansa a bakin haƙoran sarƙar yake faruwa, a wani ɗan wuri da bai wuce 'yan milimita ba. Ɗauki sarƙar da aka fi ɗora wa allo, wato ƙarfen da sarƙa ke zagayewa, mai tsawon inci 20. Haƙoranta 36 ne, 18 na dama, 18 na hagu, tsawonta duka bai kai mita ɗaya da rabi ba, kuma idan aka ba inji wuta tana gudun kusan mita 20 a daƙiƙa guda. Ke nan kowane haƙori yana zagayowa wajen sau 14 kafin daƙiƙa ta cika. Idan bakin allon ya dunguri ƙasa na ƙiftawar ido, babu haƙorin da zai tsira bai daki yashi ba. Shi ya sa washi ya zama wani ɓangare na aikin yini, tare da zuba fetur da duba mai, kuma shi ya sa bai kamata a bar wa mai shago zaɓin abin da za a wasa sarƙa da shi ba. Matsayin wannan babi shi ne, kayan washin da ya dace sai ya cika sharuɗɗa huɗu: ya zama wanda sarƙarka ta nema, ya iya maimaita siffa ɗaya a kowane haƙori, ya ci ƙarfe kaɗan, kuma ya kasance kusa da kai a lokacin da kaifi ya tafi. Ga yawancin masu aiki, abin da ya cika waɗannan sharuɗɗa bai wuce abu uku ba: magagari mai zagaye na daidai girma, jagoran da zai riƙe masa hanya, da ma'aunin tozo. Injin washi na lantarki yana da gurbinsa, amma gurbin gyara ne bayan ɓarna ta auku.

Sarƙar da aka ƙera domin magagari

Tarihin sarƙar kansa yana goyon bayan wannan matsayi. Andreas Stihl ya kafa kamfaninsa a birnin Stuttgart na Jamus a 1926, Emil Lerp kuma ya fito da injin Dolmar mai aiki da fetur a 1927, sai dai sarƙoƙin wancan zamani kwaikwayon zarton hannu suka yi. Haƙoransu tsaye suke, wasu na karce itacen, wasu na kwashe garin. Suna saurin dakushewa, wasa su kuma aiki ne mai cin lokaci da sai gwani. A 1946 wani mai saran itace a jihar Oregon ta Amurka, Joseph Cox, ya tsaya yana kallon yadda tsutsar wani ƙwaro ke ɓarke itace da muƙamuƙai biyu lanƙwasassu, tana ci ta dama tana ci ta hagu bi da bi. Ya kwaikwayi wannan siffa ya ƙera haƙori lanƙwasasse, a 1947 kuma ya fara ƙera sarƙar domin sayarwa a birnin Portland, inda kamfanin Oregon na yau ya samo asali. Saurin yanka yana cikin abin da ya sa sabuwar sarƙar ta kori tsohuwar, amma akwai dalili na biyu da ya fi shafar batunmu. Cikin haƙorin Cox rami ne mai zagaye, don haka magagari mai zagaye guda ɗaya, a turawa ɗaya, yana wasa leɓen sama da leɓen gefe a tare. Ma'aikaci zai iya zama a kan kututture a tsakiyar daji ya dawo da kaifin sarƙarsa cikin 'yan mintoci. Duk sauran kayan washin da suka biyo baya ƙoƙari suke su yi abin da magagarin ke yi, ko dai da sauri, ko da ƙarin daidaito.

Kafin a yi hukunci a kan kowane kaya, sai an san abin da ake nema daga gare shi. Kowane haƙori yana da leɓen sama mai ɗaga itace, da leɓen gefe mai yanke jijiyoyinsa, da tsinin da su biyun suka haɗu, wanda shi ne ke fara shiga itace kuma shi ne ke fara lalacewa. Bayan leɓunan an shafe shi da wani siririn rufi na kurom mai tauri, kuma wannan rufin ne ainihin bakin yanka. A gaban kowane haƙori akwai ɗan tozo maras kaifi wanda ke hawa kan itacen kafin haƙorin ya iso. Tsarin kamar na abin goge katakon kafinta ne: reza tana leƙowa kaɗan daga ƙasan katakon da ke riƙe da ita, kuma gwargwadon leƙowarta gwargwadon kaurin abin da take fiƙewa. A sarƙa, bambancin tsayi tsakanin tozo da leɓen sama shi ne wannan leƙowar. Saboda haka mai washi abu huɗu yake tsarewa lokaci guda: kusurwar da magagari ke ratsa haƙori, tsayin da magagarin ke zama a cikin ramin, daidaiton haƙoran dama da na hagu, da zurfin tozo. Kaifi kawai bai isa ba. Haƙori zai iya aske gashin hannu amma sarƙar ta ƙi cin itace, idan ɗaya daga cikin huɗun nan ya kauce.

Karanta sarƙa kafin sayen kaya

Sharaɗi na farko shi ne sarƙa ce ke faɗin girman magagarinta. Ana rarrabe sarƙoƙi da tazara, wato nisan da ke tsakanin ƙusoshi uku a jere idan an raba shi biyu, kuma da inci ake faɗinta ko a ƙasashen da ke awo da mita. Tazarar da aka fi samu su ne 1/4, da .325, da 3/8, da 3/8 mai gajeren haƙori na ƙananan injina, da .404. Kowace da magagarinta. Sarƙar 1/4 da ta 3/8 mai gajeren haƙori suna son milimita 4.0, ta .325 tana son 4.8, ta .404 tana son 5.5. A kan cikakkiyar 3/8 kamfanoni sun ɗan saɓa: Stihl ya ce 5.2, Oregon ya ce 5.5, domin tsayin haƙoransu ba ɗaya ba ne. Ba sai an yi hasashe ba, don an buga amsar a jikin ƙarfen. A sarƙar Stihl lambar da ke kan tozo ita ce ke faɗin tazara: 2 na nufin .325, 3 na nufin 3/8, 4 na nufin .404, 6 kuma ƙaramar 3/8. A ta Oregon lambar tana kan harshen da ke shiga ramin allo: 72, 73 da 75 duk 3/8 ne, 20, 21 da 22 kuma .325 ne, 91 ita ce ƙaramar 3/8. Mai babban injin Stihl 070, wanda ya fito a ƙarshen shekarun 1960 kuma har yau ake tsaga katako da shi da ire-irensa a dazukan Ghana, Kamaru da kudancin Najeriya, sarƙarsa .404 ce, magagarinsa 5.5.

Bambancin rabin milimita yana kama da ƙaramin abu, amma siffar bakin haƙori daga da'irar magagari take fitowa. Ƙa'idar masu ƙera sarƙa ita ce kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin huɗu na kaurin magagarin ya tsaya a saman leɓen haƙori. Idan magagarin ya yi ƙanƙanta, ko aka danna shi ƙasa da yawa, sai ya ƙwaƙule ƙarƙashin leɓen ya bar baki siriri mai ƙugiya. Irin wannan baki yana cafkar itace da zafi a yankan farko, yana fizgar inji, sannan ya karye ko ya lanƙwashe nan da nan. Idan kuma magagarin ya yi girma, ko aka riƙe shi sama da yawa, sai bakin ya fito a tsaye, maras shiga, har sai mai aiki ya dinga danna inji da ƙarfin ƙirji. Wanda ya sayi magagari ɗaya yana wasa duk sarƙar da ta zo hannunsa da shi, ɗaya daga cikin waɗannan lahani biyu yake dasawa kullum, sannan ya ɗora laifin a kan ƙarfen sarƙa. Haka kuma magagarin kansa kayan ƙarewa ne. A turawa gaba kaɗai yake ci, ja da baya a kan ƙarfe yana kashe shi, kuma da zarar ya fara sulɓi yana ƙyalli maimakon ya ciji ƙarfe ya zubo da gari, aikinsa ya ƙare. Masu ƙera na kirki sanannu ne, irin su Pferd na Jamus da Vallorbe na Suwizalan, kuma a nan araha ba ta ado: magagari maras tauri yakan mutu kafin ya zagaye sarƙa ɗaya.

Sharaɗi na biyu, maimaita siffa ɗaya, shi ne ya kawo jagora. Kusurwar da aka fi so ga yankan giciye ita ce digiri 30, wasu sarƙoƙi kuma 25 ko 35. Hannun ɗan Adam ba ya riƙe wannan kusurwa iri ɗaya ta ɓangarori biyu. Mai amfani da dama yakan fi jin daɗin gefe ɗaya, ya ci ƙarfe da yawa a can, ɗaya gefen kuma ya ɗan shafa ya wuce. Bayan washi biyar ko shida haƙoran gefe ɗaya sun fi gajarta, kusurwarsu ta bambanta, sarƙar ta fara yanka a karkace, allon yana maƙalewa a tsakiyar gungume. Jagora mafi sauƙi ɗan faranti ne da ake ɗaura wa magagari, yana kwanciya a kan haƙori da tozo don ya tsare tsayi, an kuma zana masa layukan kusurwa da za a daidaita da allo. Akwai na Husqvarna mai 'yan tayoyi biyu da ke zama a kan sarƙar, magagari yana birgima a kansu. Akwai mai haɗa aiki biyu, na Pferd da na Stihl, wanda ke ɗauke da magagari mai zagaye da mai faɗi a gida ɗaya, yana wasa haƙori yana rage tozo a turawa guda. Sai kuma irin na Granberg da ake ɗaurewa a jikin allo, a saita kusurwa da tsayi da tsawon haƙori da ƙusoshin murɗawa. Dukansu abu ɗaya suke yi, suna cire wa hannu wani ɓangare na hukunci su miƙa shi ga ƙarfe. Bambancinsu kawai yawan abin da suka cire da lokacin da saitinsu ke ci.

Abu na uku, ma'aunin tozo, shi ne wanda aka fi mantawa da shi, kuma shi ne mafi araha. Leɓen saman haƙori ba a kwance yake ba, yana gangarawa baya. Duk lokacin da aka wasa shi, gajarta yake yi kuma tsayinsa yana raguwa, tozon da ke gabansa kuwa yana nan yadda yake. A hankali bambancin tsayin da ke tsakaninsu ya ƙanƙance, har a kai inda haƙora masu kaifi ke wucewa ta saman itace suna fitar da gari maimakon sassaƙe. Zurfin da masu ƙera sarƙa suka tsara shi ne milimita 0.65 ga .325 da 3/8, da kimanin 0.80 ga .404. Ido ba ya iya auna wannan. Ma'aunin tozo ɗan ƙarfe ne mai tsaga: a ɗora shi a kan sarƙa, abin da ya leƙo na tozo ta cikin tsagar a goge shi da magagari mai faɗi, sannan a ɗan zagaye gaban tozon ya koma siffarsa ta asali don kada ya riƙa tuntuɓe da itace. Ana duba shi bayan washi uku ko huɗu. Ma'auni iri biyu ne. Ɗaya yana kwanciya a kan haƙora da dama ya ba da zurfi guda. Ɗayan, irin File-O-Plate na Carlton da na Husqvarna, yana jingina ne da haƙori ɗaya, don haka yana ƙara zurfin kaɗan-kaɗan yayin da haƙorin ke tsufa yana nisa da tozonsa. Na biyun ya fi dacewa da sarƙar da ta ci rabin rayuwarta.

Hujjojin da ake kawowa

Hujja ta farko da za a kawo a kan wannan matsayi ita ce injin washi na tebur ya fi hannu daidaito. Gaskiya ne, idan injin na kirki ne kuma mai shi ya iya. Injina irin na Tecomec na Italiya ko na Oregon suna damƙe sarƙa, su sauke faifan dutse a kusurwa ɗaya, su tsaya a wuri ɗaya a kowane haƙori. Amma daidaito ɗaya ne cikin sharuɗɗa huɗu, kuma injin yana faɗuwa a biyu daga cikin sauran. Na farko, cin ƙarfe. Ana saita injin ne da haƙori mafi gajarta ko mafi lalacewa, sai a yanke sauran 35 su koma tsawonsa, ko da shafa biyu kawai suke buƙata. Haƙori kuwa yana da iyaka: akwai layin da aka zana kusa da bayansa, kuma Stihl na ba da shawarar a ajiye sarƙa idan leɓen ya ragu zuwa kimanin milimita 4. Duk ƙarfen da faifai ya cinye ba dole ba, kwanakin aiki ne aka zubar. Na biyu, wuri. Injin yana shago, yana son lantarki, sai an kwance sarƙa an kai masa, alhali kaifi a daji yake tafiya. Ga kuma haɗarin zafi. Bakin haƙori siriri ne, ba shi da inda zai kai zafin da faifai ke haifarwa. Idan aka danna faifan aka daɗe, ƙarfen yakan canza launi zuwa ruwan ƙasa sannan shuɗi, alamar ya kai wajen digiri 300 na zafi, kuma taurin da aka ba shi a masana'anta ya lalace. Wani lokaci ya yi laushi ya daina riƙe kaifi, wani lokaci fatarsa ta ƙandare har magagari ya riƙa zamewa a kanta. Ƙananan injinan roba masu araha kuwa hannunsu yana lanƙwasawa idan an danna, don haka ko daidaiton da aka saye su dominsa ba sa bayarwa.

Hujja ta biyu daga ɗaya ɓangaren take zuwa: ƙwararru da magagari tsirara suke washi, ba jagora ba ma'auni, kuma sarƙarsu tana ci. Wannan ma gaskiya ne, amma a duba yadda suka kai can. Gwani ya san siffar haƙori mai kyau har ya iya ganin kaucewarta da ido, kuma ya lalata sarƙoƙi da dama kafin hannunsa ya faɗa. Jagora yana rage kuɗin wannan makaranta. Mai koyo da ya yi wata da watanni yana turawa ta cikin faranti, kafaɗarsa da wuyan hannunsa suna haddace digiri 30 ba tare da ya sani ba, kuma ranar da ya ajiye farantin zai ajiye shi da hannu daidaitacce. Wanda ya fara tsirara kuskurensa yake haddacewa. Sannan ko gwanin da ya fi ƙarfin jagora bai fi ƙarfin ma'aunin tozo ba. Al'adar da ake gani a wurare da dama, ta goge tozo sosai ko ma kawar da shi domin sarƙa ta ƙara ci, tana ba da sauri na ɗan lokaci a farashi mai tsada. Haƙori yana cizon abin da ya fi ƙarfinsa, inji yana kakkarwa, ƙusoshin sarƙa da allo suna saurin cinyewa, kuma idan saman bakin allon ya taɓa wani abu, injin yana iya zabura sama ya nufi fuskar mai riƙe da shi kafin ya ankara. Tozo yana cikin abubuwan da ke rage wannan zabura, kuma shi ya sa zurfinsa bai kamata ya zama abin ƙiyasi ba.

Hujja ta uku ta fi wayo: me zai hana a kauce wa washi gaba ɗaya? A sayi sarƙoƙi huɗu ko biyar a riƙa canzawa, ko a sayi mai bakin kabayid, irin Rapid Duro na Stihl, da ke daɗewa ba ta dakushe ba. Riƙe sarƙar ajiya dabara ce mai kyau, kuma wanda ya daki dutse da tsakar rana zai gode wa Allah da ya zo da ita. Amma mai dogaro da canji kaɗai yakan ci gaba da aiki da sarƙa har sai ta mutu murus kafin ya cire ta. Tsakanin dakushewar farko da mutuwar, inji yana shan fetur fiye da kima, allo yana zafi, mai aiki yana gajiya, kuma lalacewar tsinin tana ƙara nisa, ta yadda sai an ci ƙarfe mai yawa kafin a isa lafiyayyen kurom. Sarƙar kabayid kuwa tana da amfani a itace mai datti da saiwoyi, amma ta fi tsada, ta fi jinkirin yanka, bakinta yana iya ɓallewa idan ya daki dutse, kuma magagari ba ya kama ta sam, sai faifan lu'ulu'u. Wanda ya saye ta ya ɗaure kansa da shagon da ke da wannan faifai. Haka tsarin PowerSharp na Oregon, mai wasa sarƙa da dutsen da ake maƙalawa a bakin allo: yana aiki, amma da sarƙarsa ta musamman kaɗai. Kwaikwayonsa da ake tallatawa wai don kowace sarƙa yana goge saman haƙori ne, wato daidai rufin kurom ɗin da ake son a tsare.

Itace da ƙasa suna da ta cewa

Sharaɗin kusanci yana ƙara nauyi gwargwadon irin itacen da ake yanka. A gaɓar arewa maso yammacin Amurka, inda ake sare manyan itatuwa masu laushi da tsabta, ƙwararru suna amfani da sarƙa mai tsini murabba'i da ake wasawa da magagari mai kusurwoyi ko injin musamman. Tana da sauri ƙwarai, amma tsininta ba ya jure yashi ko kaɗan. A ƙasar Hausa da makwabtanta lamarin akasin haka ne. Ƙirya da marke masu tauri ne, ɓawon darbejiyar bakin hanya cike yake da ƙurar hunturu, gara kuma tana gina ƙasa a jikin busasshen itace har cikin ramukansa. A kudu ma iroko yakan ɓoye dunƙulen ma'adini mai tauri a cikinsa, itacen tik kuma yana ɗauke da sinadarin yashi mai cin baki. A irin wannan yanayi sarƙa mai tsini zagayayye ta fi riƙe kaifi, ta fi yafe wa hannu kuskure, kuma dole a riƙa shafa ta a kai a kai, ko da kowane cikin tanki ne. Alamar lokaci ya yi a ƙasa take: sarƙa mai kaifi tana zubar da sassaƙe masu faɗi, tana jan kanta cikin itace, wadda ta dakushe tana fesa gari mai laushi, sai an danna ta. A lokacin ne za a kashe inji, a sa safar hannu, a ɗan ƙara ɗaure sarƙar don kada haƙori ya riƙa karkata, a damƙe allon da ɗan mamatsin da ake kafawa a kututture, a sa alama a haƙorin farko, sannan a tura magagari daga cikin haƙori zuwa waje, shafa biyu ko uku iri ɗaya ga kowanne, a gama gefe ɗaya kafin a juya.

Wannan ba ya nufin injin washi ba shi da ranarsa. Idan sarƙa ta daki dutse ko ƙusar da ta nutse a cikin itace, tsinin haƙoran gefe ɗaya yakan goge har milimita ɗaya ko fiye, kuma dawo da su da hannu zai cinye magagari da rabin yini. Idan mai tsaga katako a tsaye yana son mayar da kusurwar sarƙarsa daga digiri 30 zuwa 10, wadda ita ce ta dace da bin tsawon itace kuma take barin fuskar katako sumul, injin zai yi masa cikin sauƙi. Mai shagon da ke karɓar sarƙoƙin mutane, ko mai injina da yawa da ma'aikata, ba shi da zaɓi sai injin tebur na ƙarfe, da faifai mai kaurin da ya dace, wajen milimita 3.2 ga ƙananan sarƙoƙi da 4.7 ga manya, da dutsen gyara bakin faifan, da tabarau, da haƙurin taɓawa kaɗan-kaɗan. Ƙaramin injin hannu mai aiki da batirin mota yana tsakani: yana zuwa daji, yana da sauri, amma ɗan dutsensa yana sirancewa da aiki, kuma da ya sirance ya zama magagarin da ya yi ƙanƙanta, da duk lahanin da aka ambata.

Daga nan tsarin saye ya fito da kansa. Mai inji ɗaya ya fara karanta lambar sarƙarsa, ya sayi magagarai na daidai girma, da yawa ba ɗaya ba, da mariƙin katako, da jagora, da ma'aunin tozo tare da magagari mai faɗi, da ɗan mamatsi. Idan hannunsa bai saba ba kuma sarƙarsa iri ɗaya ce, jagora mai haɗa aiki biyu zai hutar da shi, muddin ya tuna kowane ɗaya tazara guda kaɗai yake yi wa aiki, kuma zurfin tozon da yake bayarwa ba ya canzuwa. Sarƙar da ta yi mummunar ɓarna a kai ta wurin mai injin da aka ga aikinsa, a duba haƙoran da ya wasa: idan akwai shuɗi a bakinsu, a nemi wani. Sayen injin kansa sai yawan sarƙoƙi ya kai inda zai biya kuɗinsa. Idan kuma an bi duk wannan, haƙora sun yi kaifi, tozo ya daidaita, amma yanka yana ci gaba da karkacewa, to matsalar ta bar sarƙa ta koma kan allo da ƙaramar giyar da ke jan sarƙar, kuma su ne batun babi na gaba.